Malga Mai Jego

Ran kasuwar da ta wuce wasu samari suka tsayar da babur gaban rumfata. Suka gaishe ni da ladabi, sannan babbansu ya ce so suke in nuna masu inda malga take. Sun ji an ce guda ɗaya ta rage daga Dakoro har Ɗan Gulbi, kuma ni na san gonar da take ciki. Suna da lasifika da kwalabe, suna zagaya kasuwannin ƙauye da maganin ciki, sai dai abin da ke cikin kwalaben ba shi da ɗaci, kuma mutane sun fara ganewa. A ganinsu aikin ba wani abu ba ne: a san icce, a haƙo saiwa, a daka, a sayar. Na ce su dawo kasuwa mai zuwa. Abin da zan faɗa nan shi ne abin da ba ya faɗuwa a tsaye, ana cinikin tumaki a bayan mutum.

Aikin farko da na yi da hannuna saiwar malga ce. Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, ita ta kai ni. Unguwar zoma ce a ƙauyenmu, kudu da Dakoro, kuma duk abin da take ba mai jego da jariri da kanta take nemowa a daji. Ƙafafunta sun fara ciwo a lokacin, ɗanta Sanda kuma ba ya son komai sai jakai da kokawa, don haka ni aka rataya wa burgami, aka miƙa mini dagi. Muka isa gindin malgar da hantsi. Ta yi mata sallama kamar yadda ake yi a ƙofar gida, ta ce aro muka zo. Ta sa na tona daga gabas, nesa kaɗan da gindi, da dagi sannan da yatsu, har saiwoyi suka bayyana. Na ɗaga gatari zan sari babbar, ta buge mini hannu da sandarta. Uwar saiwa ba a taɓa ta. Wata 'yar ƙarama ake bi, mai kaurin babban yatsa, a yanke ta da wuƙa yanka ɗaya, a shafa toka a bakin yankan, a mayar da ƙasa, a danne da ƙafa. In da ruwa a gora a zuba mata rabi, ko da mutum zai koma gida da ƙishi.

Da muka gama ta zaro ɗanyar kaba daga burgami, ta ƙulla a reshe, daidai inda idon mai wucewa zai sauka. Ta ce yanzu malgar ta shiga jego. Na yi dariya, ba ta yi ba. Ta ce wadda aka cire wa wani abu daga jikinta hutu take bukata, mace ce ko icce. Duk mai magani a yankinmu ya san wannan alamar, Bahaushe da Bafillace da Buzu. In ka yi tafiyar wuni ka tarar da kaba a reshe, sai ka wuce ka nemi wata. Ba a ƙirga mata watanni. Rana da ruwan sama su ke cin kabar, wani lokaci damina ɗaya, wani lokaci sai ta biyu, kuma ran da ta faɗi da kanta ranar jego ya ƙare. Gwaggo bahaguwa ce, wutsiyar ƙullinta hagu take kallo. Ni da dama nake cin tuwo, amma wannan ƙullin da hagu na koye shi, don haka na ga ana yi.

Kayan aikin ba su da yawa, har yau su ne a rumfata. Akwai dagi, da ƙaramin gatari, da gizago don sassaƙe, da wuƙar da ba ta yanka nama ko albasa. Turmin magani daban yake da na hatsi, kuma ba a ara wa maƙwabta. Sassaƙen icce tsaye ake ɗaukarsa, faɗin tafin hannu, a gefe guda, sannan a liƙe wurin da laka. In ka zagaye gindin da gizago ka kashe iccen, ko da zai yi shekara yana ganye kamar ba abin da ya same shi. Ganye a inuwa ake shanya shi, saiwa a tsaga ta tun tana ɗanya, in ba haka ba cikinta ya yi funfuna mutum bai sani ba. A tukunyar ƙasa ake dafawa. Na taɓa dafa bagaruwa a tukunyar ƙarfe ruwan ya koma baƙi kamar tawada, Gwaggo ta sa na zubar, ta ce in ina son rini in tafi wurin marina. Amma babban kayan aiki harshe ne. Saiwar da ta bushe duk kamarsu ɗaya a ido. Sai ka ɗanɗana za ka raba malga da tsada, ka raba wadda aka haƙo bana da wadda ta kwana biyu a buhu har ƙarfinta ya fita.

Dajin da nake magana a kansa ba ku gan shi ba. Daga bayan gari zuwa bakin gulbi akwai wuraren da mai raƙumi sai ya sunkuya. Ƙirya da danya da marke ne a sama, a ƙarƙashinsu geza da sabara da taramniya, a tsakiyarsu kuma 'yan ƙananan da mu muke nema: tsada, da gwandar daji, da uwar magunguna. Zabin daji suna tashi gabanka, barewa tana tsallake hanya ba ta ko sauri. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, malga takan zubo fure rawaya yana reto, ana hango ta daga nesa. Sauran watannin rani kuwa sanda ce kawai cikin sanduna. Wanda bai riƙe wurin a kansa ba zai wuce ta gabanta yana nemanta.

Wata rana wata Bafillatana ta zo da goyo, yaron yana haƙori, zawo ya tsiyaye shi. Ina sauri in ɗauko bagaruwa, Gwaggo ta ce in dakata. Ta taɓa maɗigar yaron, ta ja fatar cikinsa ta saki, ta tambayi uwar yaushe rabonsa da fitsari. Sannan ta ce wannan ba namu ba ne, a kai shi gidan likita yanzu, kuma ta sa Sanda ya ɗaura wa jaki akumari. Wani yaro da aka kawo bayanta da irin ciwon, amma idonsa da ruwa kuma yana kama nono, shi ta ba jiƙon bagaruwa da sabara, kwana kaɗan ya miƙe. Rabin sana'ar ke nan, sanin wanda za ka sallama hannu wofi. Buzaye kan sauko daga Azagor, can arewa, neman maganin gyambon raƙumi, su kawo cuku. Manoma da kaka sanyin ƙashi ke kawo su. Masu neman a juya masu zuciyar wani kuwa, Gwaggo cewa take su gwada wanka da sabulu tukuna. Ita malga maganin ciki ce, mai ɗaci, mai ƙarfi. Gutsure kamar gaɓar yatsa ake jiƙawa da 'yar jar kanwa. In aka zarce sai ta wanke mutum har ya kasa tashi, kuma mai ciki ba a ba ta ko kaɗan. Masu kwalba su riƙe wannan ko ba su riƙe komai ba.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Ba damina ɗaya ba, a jere suka zo. Hatsi ya bushe kafin ya yi kai, rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, mutane suka koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci ana ci. A cikin wannan hali wani ɗan kasuwa ya zo daga Maradi da babbar mota. Ba sayarwa ya zo yi ba, musaya yake: a kawo masa saiwar malga da tsada da uwar magunguna a buhu, ya auna hatsi da garin rogo. Ya ce a Najeriya ana nema. Gwaggo a lokacin idonta ya kusa rufewa, ba ta fita. Gidanmu da nata bakunan ci suna da yawa. Na ce wa Sanda ya shirya jakai.

Wahalar ita ce samun itatuwan. Fari ya zubar da ganyen komai, malga ba ta yi fure ba, daji ya zama abu ɗaya. Waɗanda suka riga mu fita sukan wuni su dawo da abin da bai cika taiki ba. Ni ne na lura da cewa kaba ba ta ruɓe ba, tunda ba a yi ruwan da zai cinye ta ba. Duk iccen maganin da wani ya ara cikin shekarun nan yana nan da alamarsa a reshe, fara fat, ana hangowa. Ba sai na nemi malga ba, kaba zan nema. Haka muka yi ta bi, ni ina gaba da dagi, Sanda yana baya da jakai. Ba 'yar saiwa muke yanka ba, uwar muke sara, mu bar rami a buɗe mu wuce. Ƙullin kuwa nakan yanke shi in jefa a burgami, don kada wani mai magani ya zo ya ga an haƙe mai jego. Ba a daɗe ba wasu suka gane dabarar, suka bi sawunmu, su ba su ma damu da cire kabar ba.

Wata rana da la'asar Gwaggo ta ce in miƙo mata burgami, tana neman wuƙarta. Ta sa hannu ta daɗe ba ta fito da shi ba. Ta zaro ƙulli ɗaya tana shafawa da yatsa, ta mayar, ta zaro wani. Akwai nata a ciki, akwai na wasu. Sai ta tambaye ni ko hatsin zai kai mu damina. Na ce zai kai. Ta ce to. Ta sha furar hatsin nan kamar kowa, jikokinta suka sha, babu wanda ya mutu a gidajenmu biyu a wannan shekara. Har ta rasu ba ta tayar da maganar ba, kuma ba ta sake aike na daji ba. In tana son abu sai ta aiki wata maƙwabciya.

Da ruwa ya dawo, sabara da geza suka tsiro, malga ba ta tsiro ba. Ba zan ce ni kaɗai na gama da dajin ba. Gonaki sun ci rabonsu, masu gawayi sun kwashe ƙirya, awaki ba sa barin ɗan tsiro ya kai gwiwa. Amma waɗanda ke da kaba a reshe su ne mafi kyau, su ne waɗanda masana suka zaɓa, kuma su na fara da su. Tun daga nan saiwar malga saye nake daga 'yan kudu. Wani lokaci ita ce, wani lokaci in ɗanɗana in ji wani abu ne mai kama da ita. Ɗayar da ta tsira tana cikin gonar wani bawan Allah mai suna Illiya, wajen Ɗan Gulbi. Ta tsira ne don a shekarar farin ƙarama ce, babu wanda ya taɓa aronta, ba ta da kaba.

Shekara biyu da suka wuce, da rani, Sanda ya kwanta. Ciki ne, gefen dama, ya kumbura, abinci ba ya zama. Ni da shi taubasai ne, tun muna yara kowa bawa yake kiran ɗan'uwansa, tsufa bai hana ba. Na kai masa abin da ke rumfata, ya kurɓa ya tofar, ya ce wannan saiwar gaisuwa kawai ta taɓa yi da malga. Ya ce shi ɗanya yake so, wadda aka haƙo jiya, irin wadda uwarsa ke jiƙa masa in ya ci ƙasa a kokawa. Ɗansa yana ta fama a tafi gidan likita, ya ce ba inda za shi sai ya sha malga. Na duba idonsa na ga ya yi rawaya, na gaya masa gaskiya cewa wannan ya wuce tukunyata. Ya ce bai tambayi bawa shawara ba, aike ya yi.

Washegari na hau amalanken masu zuwa Ɗan Gulbi, na ƙarasa da ƙafa. Illiya ya raka ni gonar. Tun daga kan iyaka na hango abu fari a reshe. Da na matso na ga kaba ce, ba ta ko fara baƙi ba, ƙasar gindin daga gabas kuma an danne ta da ƙafa. Na tambayi Illiya, ya ce tsohuwarsa ce ta ɗibi saiwa bayan kaka don wata jikarta. Ya ce ita ma a hannun wata unguwar zoma ta gani, lokacin da aka haife shi, kuma shi bai san amfanin ƙulle-ƙullen ba, ya dai bar ta da abinta.

"Baba, gonata ce," in ji shi. "In kana so ka haƙa, haƙa. Babu mai ce maka komi."

Malgar ba ta da ƙarfi. Gefe ɗaya na rassanta ya bushe, rani kuma da saura. Na duƙa na tona kaɗan daga yamma, na ga saiwoyin da suka rage ba su da yawa. Wataƙila ta jure yanka na biyu, wataƙila ba ta jure ba. Na riƙe wuƙa na daɗe a tsugune, Illiya yana tsaye yana kore ƙuda. Daga baya na mayar da ƙasar, na danne, na zuba mata rabin ruwan gorata, muka juyo.

Na tarar da Sanda a zaure bisa tabarma, an jingina shi da buhu. Ya dubi hannuna, ya dubi burgami.

"Bawana, mi ka kawo?"

Na ce malgar jego take.

"Jego," ya ce. "Kai da ka kwance na daji guda, ina bayanka da jakai ina gani, yau ƙulli ɗaya ya gagare ka?"

Na ce ita kaɗai ta rage. Ya ce shi ma shi kaɗai ya rage wa uwarsa. Matarsa ta leƙo ta koma. Can ya tambaye ni wa ya yi ƙullin, na gaya masa. Ya ce wutsiyar ina ta dosa.

"Hagu."

Ya ɗaga ido ya dubi rufin zaure. Sannan ya ce ashe har yanzu akwai mai yin na Inna. Ya fara dariya, cikin ya murɗa masa, ya dafe wurin bai daina ba.

"Ka ci amanar uwa don hatsi, yau ka ci ta ɗa don kaba. Wane irin bawa Allah ya haɗa ni da shi? Tashi ka ba ni wuri, ka ce ma yaron nan ya nemo mota."

Aka kai shi gidan likita a Dakoro, daga nan aka wuce da shi Maradi. Suka ce hanta ce, kuma abin ya yi nisa tun kafin ya kwanta. Aka dawo da shi gida, ya rasu kafin ruwan shuka. Ba na zaton malga za ta warkar da shi, na ga irin idon nan a wasu kafin shi. Amma ɗacin da ya nema a bakinsa ban kai masa ba, kuma ina da wuƙa a hannu. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ranar ƙarshe da na je gaishe shi, tambayata ya yi ko maigidana icce ya ba ni izinin fita.

Bana da bazara Illiya ya aiko cewa kabar ta faɗi. Na je na tarar malgar ta zubo fure, har gefen da ya bushe ya yi ɗan toho daga ƙasa. Na yi sallama, na ce aro na zo. Na yanki saiwa ɗaya mai kaurin yatsa, na shafa toka, na mayar da ƙasa, na ƙulla sabuwar kaba da hagu. Saiwar tana rataye a rumfata, gutsure-gutsure nake bayarwa, kuma ba kowa nake ba ba.

Samarin da suka tambaye ni, wannan ce amsarku. Malgar jego take, kuma ban san ranar da za ta fita ba, sai abin da damina ta yi da kabar. Ko na kai ku gobe, tsayawa za ku yi ku kalle ta, ku zuba mata rabin ruwanku, ku dawo da buhunku wofi. Wanda ya ga zai iya wannan tafiyar ya same ni a rumfa da sassafe. Ya bar gatari a gida.